Wankan Jego a Ƙasar Fadama Mai Tsami

Ku gyara zama. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce, in kuma kun ji wani wuri ya yi kama da ita, ba laifina ba ne, duniya ce ta fi bakin mai ba da labari faɗi. Ni ce Saratu, haihuwar gindin dutse a ƙasar Zuru, matar soja, uwar soja. Ban taɓa zama a aji ba. Hausar nan ma a bariki na ƙarasa koyon ta. Ina faɗa ne, wata malamar makaranta maƙwabciyata tana rubutawa, na kuma gaya mata kada ta gyara mini magana ta koma ta 'yan boko.

Ina da jika, Rahila. Uwarta ta rasu tana rarrafe, a bayana ta girma. Ta yi karatu har karatu ya ɗauke ta ya kai ta wata ƙasa can ƙuryar arewacin Turai, ana ce mata Finlan. Mijinta Dauda soja ne, yana can gabas a bakin aiki, ba shi da ikon kansa. A can ƙasar ta haihu, namiji, aka sa masa Iliya, ba uwa kusa ba uwar miji.

Ubanta Ishaya, ɗana na fari, wanda ya ajiye kaki ya koma noma, shi ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna, ke za ki je ki yi mata wanka. In ta yi arba'in, ki ɗauko mini ita da yaron. Shekara nawa ke nan tana kiwon abin da ido ba ya gani? Karatun ya isa haka."

Na ce, "To." Kuma ba bakina kaɗai ya ce to ba, har zuciyata. Na tsufa. Ina so in mutu ina jin motsin yarinyar nan a tsakar gida.

Ba zan tsaya muku a kan sallama da hawayen tasha ba. Kowa ya san su.

Zango na farko wani filin jirgi ne a tsakiyar hanya, inda ake sauka a canja jirgi. Gari ne guda a ƙarƙashin rufi ɗaya, ba rana ba inuwa. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ranar na yarda. Ina tsaye da takardata a rataye a wuya kamar akuyar da za a kai kasuwa, sai na ji an ce, "Sannu Mama, daga ina?" Hausa tsantsa. Na juya na ga saurayi fes, da agogo, da murmushi. Ya ce uwarsa 'yar Yauri ce. Ya tambayi damina, ya tambayi hanyar Ribah ko an gyara. Na ji kamar an ɗora mini tulun ruwan sanyi a ƙirji. Da na ce ina son kewayawa, ya ce, "Kawo jakar in riƙe miki, Mama, ba a shiga da kaya."

Na fito, ba shi ba jaka.

A cikinta akwai rigar sanyin da Ishaya ya sayo mini, da daddawa, da kuka, da busasshen ganyen dogon yaro da na tara don wanka. Kanwa ce kaɗai ta tsira, don na ƙulle ta a bakin zanena. Ban yi kuka ba. Na zauna a kan wata kujerar ƙarfe ina kallon ƙafafun mutane. Wata mata mai goge ƙasa, da ɗankwali a kanta, ta zagaye ni da tsummanta, ta sake dawowa ta zagaye ni, sannan ta jingine sandar. Ta duba takardar wuyana, ta kawo mini shayi a kofin takarda, ta kama hannuna kamar na yaro ta kai ni har bakin ƙofar jirgina. Wanda ya ji harshena ya cuce ni, wadda ba mu haɗa kalma ko ɗaya ba ta kai ni. Na riƙe wannan, ya yi mini amfani daga baya.

Zango na biyu garin Rahila ne. Abin da ya fara taɓa ni ba sanyi ba ne, shiru ne. Mota ba ta ƙaho. Kare ba ya haushi. Ka haɗu da mutum a matakala, ka ce sannu, ya kalli takalminsa kamar takalmin ne ya yi magana. Rahila ta rame, idonta ya faɗa. Ta rungume ni ta ce, "Kaka, da zane ɗaya kika zo ƙasar ƙanƙara?" Na ce, "Wani ɗan Yauri ya fi ni bukatar rigar." Ta yi dariya har da hawaye, kuma hawayen suka wuce na dariya.

Na karɓi Iliya, na jujjuya shi, na ce, "To, maigida, ka sa tsohuwa ta haye sama don ganin ka, ga ka ko gaisuwa babu." Sannan na tambayi cibiya. A gidanmu, in cibiyar jariri ta faɗi, ana binne ta a ƙasar da iyaye suke nomawa, don ƙasar ta san shi, shi ma ya san inda zai koma. Rahila ta buɗe akwati ta ɗauko wata 'yar kwalbar roba mai murfi, irin ta wurin aikinta, tsawon ɗan yatsa. Cibiyar na ciki, ta bushe kamar ƙullin kuɓewa.

"Na ajiye miki, Kaka. Ban san inda zan sa ta ba. Ko'ina siminti ne."

Na ƙulle ta a bakin zane, kusa da kanwa.

Kashegari na tashi yin abin da ya kawo ni. Mai jego sai ruwan zafi, safe da yamma, kowa ya sani. Na ɗora tukwane a kan kowane bakin murhu, suka tafasa, na juye a baho, na sake ɗorawa. Na rufe tagogi kada iska ta shigi yarinya. Tururi ya cika gidan har ba na ganin tafin hannuna. Sai wani abu da ke manne a rufi ya fasa ihu. Ban taɓa jin irinsa ba, ko ƙahon bariki bai kai shi ba. Iliya ma ya fasa kuka, Rahila ta fito da gudu tana kaɗa tawul sama tana cewa, "Kaka, kin tada ƙararrawar gobara!"

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ce, doguwa, farin gashi kamar audugar rimi, maƙwabciyarmu. Sunanta Ayino, ko dai haka kunnena ya ji. Ta kalli tururi, ta kalli tukwane, ta kalli jariri. Na yi zaton faɗa za ta yi. Rahila ta yi mata bayani cikin harshensu tana sunkuyar da kai. Tsohuwar ta saurara, sai ta juya ta tafi. Jim kaɗan ta dawo da mabuɗi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma damin busasshen ganye da aka ɗaure da reshensa.

Ta kai mu ƙasan benen. Ɗaki ne na katako, da murhu cike da duwatsu masu zafi. Ta jiƙa ganyen, ta watsa ruwa a kan duwatsun, tururi ya tashi, ta kama ganyen ta shiga bugun bayanta a hankali, tana kallona. Jama'a, na ƙetare duniya na tarar da wankan jego yana jirana a ƙarƙashin bene. Ayino ta nuna cikinta, ta nuna ɗakin, ta yi alamar jijjiga jariri. Rahila ta ce, "Wai a irin ɗakin nan aka haifi uwarta."

Ɗakin na kowa ne, kowane gida da ranarsa. Ayino ta ba mu tata. Sannan ta bi ƙofa ƙofa, mutanen nan masu kallon takalmi, ɗaya bayan ɗaya suka bar mana ranakunsu. Ba wanda ya ce mini sannu har na baro ƙasar, amma ban rasa ruwan zafi ba ko sau ɗaya. Ungozomar da ke duba Rahila ta ce a yi, amma kada zafin ya yi yawa. Na rage, ba don na yarda ba, sai don ita ma tana da furfura.

Zango na uku gidan kwalabe ne. Da Rahila ta ɗan yi ƙarfi ta ce za ta leƙa aikinta. Na goya Iliya na bi ta, sanye da rigar marigayi mijin Ayino wadda ta kai mini har idon sawu. A hanya mutane suna satar kallon goyon, wata ma ta zagayo bayana ta duba ko yana numfashi.

Ta buɗe wani akwati mai kama da firiji. Kwalabe ne jere, kowace an toshe bakinta da roba, da ɗan ruwa a gindi, garau kamar hawaye.

Na ce, "Ina dabbobin?"

"Suna ciki. Ko dai ina fata suna ciki."

"Cuta kike kiwo?"

"Ba duk ƙwaro ke cizo ba, Kaka. Kin tuna fadamarmu ta bayan gari? In aka soka kara a laka sai kumfa ta taso?"

"Na tuna wadda take dawo mini da laka har kunne."

Ta ce wannan kumfar iska ce da ke fitowa in ciyawa ta ruɓe a ƙarƙashin ruwa. Metan ake ce mata. Tana kama wuta, in kuma ta hau sama da yawa sai ta riƙe zafin rana kamar bargo, duniya ta ƙara ɗumi, damina ta rikice. To akwai wasu ƙananan halittu a cikin lakar, su ba su da tuwo sai wannan iskar. Suna tare ta a hanya su cinye kafin ta fita. Nata kuwa daga wata fadama ta samo su, wadda ruwanta ke da tsami, inda yawancin halitta ba ta iya zama. Aikinta shi ne ta gane su wane ne: wane gida, wace zuriya, su wa suka haɗa kaka.

Ta sa ni na kafa ido a wani madubi mai dogon wuya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ranar na ga an juya zancen. A cikin ɗigon ruwa guda na ga taro, wasu kamar ƙwayar riɗi, wasu kamar tsinke, wasu a lanƙwashe, suna nan birjik.

"Wannan kasuwa ce," in ji ta. "Haka suke a laka, a cakuɗe. Ba a sanin asalin mutum a tsakiyar kasuwa, sai an ja shi gefe shi kaɗai. Shi ne nake ta tsarma ruwan, in raba, in sake tsarmawa, har in samu kwalbar da iri ɗaya ne tak a ciki. In ya ci iska ya hayayyafa, ruwan zai yi duhu-duhu. To da na ware su, sai su yi shiru. Na farkon ma ni na kashe su da gata. Na ba su abinci mai maiƙo, ashe ruwan tsiya suka saba da shi."

Na ce, "Ashe 'yan dutse ne irinmu."

Ta yi murmushi, amma ta daɗe tana kallon kwalaben. Ta ce tun tana da ciki ta zuba waɗannan. Lokacin da aka ɗibar mata na karatu ya kusa ƙarewa. In ba su nuna ba, ba ta da abin da za ta ajiye a gaban malamai.

Ni kuwa a raina na ce, ruwa ne kawai. Ishaya ya yi gaskiya.

Zango na huɗu ita ce fadamar. Bayan arba'in Ayino ta ɗauke mu a motarta, za ta tsinko wasu jajayen 'ya'yan ciyawa da suke yi a wurin kafin ƙanƙara ta sauko. Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Fili ne iya ganinka, ba dutse ba tudu, an shimfiɗa katako ana bi a kai. In ka taka gefe, ƙasar ta lotsa kamar jiƙaƙƙiyar katifa, ta motsa har can gaba. Gansakuka ce ja da kore, kauri a kan kauri. Itatuwan wurin tsofaffi ne amma ba su wuce kafaɗata ba. Ruwan kamar shayi ba madara. Na ɗiba na taɓa a harshe, da ɗan tsami, kamar an jiƙa tsamiya ɗaya a randa.

Na ce, "Wannan ai kanwa take so. Ga ta nan a zanena."

Rahila ta riƙe hannuna tana dariya. "Kaka, ki rufa mini asiri! Tsamin nan shi ne gidansu. Kika kashe shi kin kashe su."

Tun da na sauka ƙasar, ranar na fara ganin ƙasa tsirara ba siminti. Na kwance bakin zanena na fito da 'yar kwalbar cibiya. Na ce ko nan za mu sa ta, tun da nan aka haife shi. Rahila ta ce, "In kin so. Amma ki sani, ƙasar nan ba ta cin abin da aka ba ta da wuri. Saboda tsami da sanyi, icen da ya faɗi tun zamanin kakannin Ayino yana nan ƙasa da ɓawonsa."

Na mayar da kwalbar na ƙulle. Cibiya ba ajiya ba ce. Ana ba ƙasa ne ta ci, ta zama ɗaya da yaro. Ƙasar da za ta riƙe maka abu ta mayar maka yadda ka ba ta, mai amana ce, amma ba uwa ba ce.

Sai ga Rahila ta durƙusa a kan katakon, ta naɗe hannun riga, ta zura hannu cikin gansakukar har gwiwar hannu, a wannan sanyin. Kumfa ta taso, ɓul, ɓul, ɓul. Ta ɗago tana kallona, fuskarta a buɗe. Tun zuwana ban ga wannan fuskar ba. Fuskar yarinyar nan ce mai karan dawa a hannu, wadda nake kira daga bakin fadama tana cewa, "Kaka, tsaya, ƙasa tana numfashi." Na ga abin, na kau da kai, don ban so na gani ba.

Zango na biyar ba wuri ba ne, duhu ne. Rana ta fara makara, ta fara saurin komawa, har ta zama sai ta leƙo kamar mai bin bango ta koma. Ƙanƙara ta sauko. Na faɗi a bakin ƙofa, Ayino ta ɗaura mini wasu ƙusoshi a ƙasan takalmi. Na yi kewar zakara. Na yi kewar sautin turmi da sassafe. Har ƙarar babura ta kasuwar Zuru, wadda nake zagi kullum, na yi kewarta. Ishaya kuwa kowace Lahadi sai ya kira: "Inna, arba'in ta wuce fa."

Wata rana da la'asar, waje ya riga ya yi baƙi, Rahila ta dawo daga gidan kwalabe. Ba ta cire takalmi ba ta zauna a ƙasa ta jingina da ƙofa.

"Kaka, na haƙura. Ki gaya wa Baba muna tafe."

Ga abin da na zo nema, an sa mini a tafin hannu, ban ko roƙa ba. Na ga kaina ina sauka a mota da Iliya a baya, mata suna guɗa. Na ga Rahila tana tankaɗe a ƙofar ɗakina. Zuciyata ta riga ta kai Zuru ta dawo. Amma na dubi fuskar da ke jingine da ƙofa, na tuna wadda na gani a fadama, na san in na tafi da wannan, waccan a nan za ta zauna har abada.

Na ce, "Kwalaben sun mutu?"

"Ban sani ba. Ba su mutu ba, ba su rayu ba."

"To wa ke binne wanda bai mutu ba?"

"Kaka, na gaji. Yaro ba ya barci, ni ba na barci, ruwa kuma garau."

Na zauna kusa da ita a ƙasan. Na ce, "Kakanki Bawa, kafin ya sa kaki, golmo ya yi wa ubana. Noman neman aure, shekara bakwai, shi da abokansa, a gonar da ba tasa ba. Ubana ba ya yabo. Ni kuma an hana ni ko kai masa ruwa. Bai ga alamar komai ba sai kunyar gona bayan kunya. Ya gaya mini daga baya, a shekara ta shida ya jefar da fartanya ya kama hanyar gida, ya kai rafi ya dawo ya ɗauka. Da bai dawo ba, da babu ubanki, balle ke, balle wannan mai ƙwacen nono."

Ta ce, "Shi ai ya san kina nan a ƙarshen kunyar."

"Bai sani ba. Ana hana wasu bayan sun gama. Ya dai san in ya tafi, shi ya hana kansa. Tashi ki cire takalmi. Yaro nawa ne daga yau, sai shan nono. Ina nan har ranar da takardar izinin zamana ta ce in fita."

Na sa ta kira mini ubanta.

"Inna, ba haka muka yi da ke ba."

"Haka muka yi. Na ce to, yanzu na ce a'a. Bakin nawa ne."

"Inna, yarinya da jariri a ƙasar mutane..."

"Ishaya, da aka tura ka daji, ka taɓa baro bakin aikinka don uwarka tana kewarka? Na yi kewar, na haɗiye, ban aika a ɗauko ka ba. Kai ma ka haɗiye."

Sai ya ce, "Dawar gonarki fa? Ta isa yanka."

"Kana da hannu."

Haka muka shiga. Ni da Iliya da Ayino a gida, Rahila a gidan kwalabe. Na tuƙa tuwo da wani garin alkama da suke sayarwa, Ayino ta ci da hannu, miya tana bin gwiwar hannunta. Na koya mata goyo. Da farko tana riƙe gindin yaron da hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai, daga baya har wanke-wanke take yi da shi a baya. Muna hira doguwa, ita da harshenta ni da nawa, kuma ba mu taɓa saɓani ba.

Sannu ba ta hana zuwa. Wata safiya Rahila ta kira ta ce in zo da sauri. Na tarar da ita tsaye, ta ɗaga kwalba ɗaya a gaban fitila. Ni da farko ban ga komai ba. Ta girgiza kaɗan. Sai na ga wani ɗan hazo yana juyawa a ruwan, kamar ƙasarin gero da aka tsarma sau goma. Ta ce ta auna, iskar da ta zuba a kwalbar ta ragu. Ta duba a madubi, ba kasuwa, fuska ɗaya ce daga farko har ƙarshe.

Malamarta ta shigo, wata mai gajeren gashi wadda ba ta ɓarnar magana. Ta ɗaga kwalbar, ta daɗe tana kallo, ta faɗi kalma guda, ta fita.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba laifi."

"Shi ke nan?"

"Kaka, a garin nan wannan guɗa ce."

To ni na yi mata ta gida. Har daga ɗakin ƙarshe sai da aka leƙo.

Bayan 'yan makonni ta zaunar da ni gaban kwamfuta. Ta ce kamar yadda mutanenmu suke duban tsagar fuska su san gidan mutum, su ma waɗannan suna da tasu tsagar, amma a cikin jiki take, na'ura ke karantawa. In aka karanta sai a gwada da ta duk waɗanda aka riga aka sani. Ta nuna mini zanen itace kwance, da rassa, kowane reshe da suna. Can gefe ga wani ɗan tsiro shi kaɗai, ba suna.

"Ga nawa. Ba a taɓa rubuta irinsa ba."

Tana murna, ni kuwa tausayi ya kama ni. Na ce, "Wayyo. Maraya ne?"

"A'a, Kaka, bi reshen ki gani. Shi kaɗai ne a ɗakinsa, amma gidansu babba ne. Wannan ɗan uwansa ne, daga wata fadama a Rasha. Wannan daga ƙasar daji mai tsami. Waɗannan na can nesa, 'yan uwan kaka, har a gonakin shinkafa ana samun su."

"Har tamu fadamar?"

"Ba wanda ya duba tukuna." Ta dubi ɗan tsiron. "Sai dai in ni."

Na ce, "To yaushe ne suna?"

Ta ce da saura. Ƙa'idar masu wannan aikin ita ce, ba a yarda da sunan sabon iri sai an raba shi an kai riƙo gida biyu, a ƙasa biyu dabam, inda ake adana irin waɗannan halittu da rai. In wani abu ya sami gida ɗaya, yana nan a ɗayan. In wani ya yi musu, ya je ya roƙa a ba shi ya gani da idonsa. Sai gidajen biyu sun amsa sun karɓa, sannan suna ya tabbata.

Na ce ta maimaita mini. Ta maimaita. Hannuna ya kai bakin zanena.

Wa'adin takardata ya cika. Rahila ta samo wa Iliya gidan renon yara na rabin yini, sauran rabin Ayino ta ce nata ne, kuma ba shawara take nema ba. Ayino ta saƙa mini safa mai kauri. Ni ba ni da abin ba ta, sai na kwance majanyina na ɗaura mata. Abin da na gani na ƙarshe a gidan nan shi ne farar tsohuwa a bakin ƙofa, da baƙin yaro a bayanta yana cin gashinta. A filin jirgin tsakiya na riƙe jakata da hannu biyu. Na nemi mai goge ƙasa ban gan ta ba.

Ishaya ya tarye ni a tashar Zuru. Ya karɓi jaka, amma idonsa na kan ƙofar mota, ko da yake ya sani.

"Ke kaɗai ɗin dai, Inna."

"Ba ni kaɗai ba. Gobe ka zo da fartanya."

Da safe muka gangara fadamar bayan gari. Ruwa ya ja baya, saura can ƙasa inda laka ba ta bushewa. A gindin ɗinyar da ke bakin gonata, inda tasa cibiyar take, inda ta Rahila take, na nuna masa ya haƙa. Na buɗe 'yar kwalbar na juye. Na ce da ƙasa, "Ga Iliya ɗan Dauda. Jikinsa yana riƙo a wani gida, gidan kirki ne, na gani da idona. Wannan rabonki ne. Ki ci, ki san shi." Ishaya ya mayar da ƙasa ya daddanna da ƙafa.

Har yau ba a raɗa wa ɗan tsiron nan suna ba. Rahila ta ce gida ɗaya ya amsa, ana jiran ɗayan. Ni na iya jira.

Da za mu tafi ranar, na juya ban ga Ishaya a bayana ba. Na hango shi can bakin laka, ƙaton mutum da furfura a gemu, ya tsuguna da karan dawa a hannu. Ya soka. Kumfa ta taso, ɓul, ɓul. Ya sake sokawa.

"Inna, masu cin iskar, suna nan ciki?"

Na ce, "Ka tambayi ɗiyarka in ta zo."

Ya daɗe yana kallon lakar. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya saɓa fartanyarsa.

Ya ce, "In ta gama."